Wayar da Take Shaƙar Iska

Motar da mahaifinmu ya bari tsohuwar ƙirar Japan ce, ruwan toka, wadda ta riga ta manyanta tun kafin ta iso hannunsa daga Kwatano. Da ya rasu aka raba abin da za a raba, ita aka bar ta a ƙarƙashin rumfar ƙofar gidanmu a Gashua, ba a ba kowa ba. Dalili ɗaya ne: Inna. Mahaifiyarmu tana fama da ciwon ƙoda, irin wanda ya yi yawa a garinmu, likitanta kuma yana Nguru. Duk ranar da za ta gan shi ni nake tuƙa ta. Sai ta kwanta a kujerar baya, a sa mata filo a ƙarƙashin ƙafafunta da suke kumbura, mu bi ta Jajimaji a hankali. Ta taɓa gwada motar haya, inda ake matse mutane a baya kamar buhunan gero, ta dawo ta yi kwanaki ba ta iya taka ƙasa ba.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare. Ban taɓa koyon kanikanci ba. Kuma ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. Yayana, wanda yake fataucin dabbobi tsakanin Dapchi da Kumagannam, yakan ce in aka tambaye ni ko rana ta fito, sai na ce bari in duba tukuna. Ba ƙarya ya yi ba. Amma abin da zan ba da labarinsa yana cikin 'yan abubuwan da na tabbatar da su a rayuwata, ko da yake na daɗe kafin in kai ga tabbatarwar.

Da farkon wata damina, bayan fetur ya yi tsadar da kowa ya sani, motar ta fara shan mai kamar an huda tankin. Hayaƙinta ya koma baƙi. In ta tsaya a kunne sai ta riƙa karkarwa, kuma wani wari mai hawa kai yana shigowa ta baya, daidai inda Inna take sa kanta. Aka canja fulogi, aka wanke abin da ake wankewa, ba ta sauya ba.

Wata rana bayan la'asar Yaya ya same ni a ƙarƙashin rumfar, ya daki bayan motar da tafin hannu.

"Malam, akwai wani mai hatsi a Kumagannam yana son ta. Shi bai damu da hayaƙi ba, daji zai shiga da ita."

"Inna fa, Yaya?"

"Inna sai a riƙa kama mata kujerar gaba a tasha, ita kaɗai. Kana gani dai wannan warin ma cutar da ita yake yi."

"Ina jin wataƙila ƙaramin abu ne. Mai yiwuwa ba inji ba ne."

"Kana ji, wataƙila, mai yiwuwa. A cikin ukun nan wanne zan zuba a tanki?" Ya yi 'yar dariya, sannan ya tsuke fuska. "Ka gwada gyara ɗaya. In ba ta yi ba, a sayar."

Ba mugunta yake yi ba. Shi yake ɗauke da yawancin hidimar gidan, kuma maganarsa tana da hujja. Sai dai na san kujerar gaba ta motar haya ba wurin miƙe ƙafa ba ce, kuma direba ba zai tsaya mata a hanya ba in ta bukaci tsayawa.

Na kai motar Nguru wurin wani mai sa wa motoci kwamfuta. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa farce ya ɓamɓare wani ɗan baƙin tef a jikin gilashin agogunan gaban direba. A ƙarƙashinsa wata 'yar fitila ce ruwan goro, a kunne. Ashe Baba ne ya liƙe ta tun da daɗewa don tana damun idonsa. Mutumin ya jona na'urarsa, ya duba, ya ce oksijin sensa ne ya mutu.

Ya nuna mini shi. Ɗan ƙarfe ne mai kama da fulogi, a ɗaure a jikin bututun salansa kusa da inji, da wayoyi huɗu a wutsiyarsa. Aikinsa shi ne ya shinshina hayaƙin da ke fita, ya gaya wa ƙwaƙwalwar motar ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ya daina magana, ko ya fara faɗin ƙarya, sai ƙwaƙwalwar ta riƙa zuba mai ba lissafi.

Na zagaya shagunan kayan mota na Nguru ban sami irin nata mai soket ba, ko sabo ko na hannu irin na Beljiyom. Abin da na samu shi ne wanda suke cewa yana shiga kowace mota, sabo, a cikin leda, da wayoyinsa huɗu tsirara. Sai an yanke soket ɗin tsohon an jona masa. Mai shagon ya ce kowane mai wayarin zai iya. Na saya, na juyo Gashua.

Mai wayarin ɗinmu ɗaya ne, aminin mahaifinmu, wanda muke kira Baffa. Rumfarsa tana bakin hanyar zuwa kogi, kusa da wani mai faci da suka yi shekaru suna tsokanar juna. Baffa ya yi suna da abu ɗaya: wayar da ya haɗa ruwa ba ya shigarta. A garin da rabin shekara motoci suke ratsa kududdufai, masu noman rani suke jan injinan ban ruwa a cikin laka, masunta suke ɗaura inji a kwalekwale, wannan ba ƙaramin suna ba ne. Yadda yake yi shi ne ya murɗe wayoyin, ya narka dalma ta ratsa su har ta shige can cikin roba, ya shafa gam, sannan ya naɗe da tsiri-tsirin tsohon tub na taya, ya ja ya ɗaure. In ya gama, haɗin yakan yi kauri kamar yatsa.

"Wushe, ɗana," ya gaishe ni da Barbarci da na isa. "Yaya jikin mutuniyar?"

"Da sauƙi, Baffa. Tana gaishe ka."

Cire tsohon ya ba mu wuya. Tsatsa ta kama shi. Baffa ya zuba masa man birki, ya sa na kunna motar ta ɗan yi ɗumi, na kashe, ya zura sifana a cikin wani dogon bututu ya danna da ƙafa, sai ya saki da ƙara. Ya ɗaura sabon, yana gargaɗina kada in taɓa kansa da hannun mai.

Wurin wayoyin ne na so in yi magana. Na motar biyu baƙaƙe ne, ɗaya shuɗiya, ɗaya fara. Na sabon biyu farare ne, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan toka. Na ji tsoro kada a haɗa baƙa da baƙa, fara da fara. Na fara kame-kame, Baffa ya ɗaga hannu.

"Launi na mai fenti ne. Tsaya ka gani."

Ya ɗauko mitarsa ta gwajin wuta ya auna. Biyun da suke launi ɗaya a kowane gefe, su ne na ɗan murhun da ke ɗumama na'urar, ba ruwansu da wacce ta bi wacce. Shuɗiyar motar ita ce mai kai saƙo, ta tafi ga baƙar sabon. Farar motar ta tafi ga ruwan toka. Ya haɗa su daidai, na gani da idona. Sannan ya yi musu aikinsa na kullum: dalma, gam, roba, tun daga haɗin har kusa da wutsiyar ƙarfen.

"Wannan ko a kogi ka ajiye ta," ya ce.

Motar ta tashi lafiya. Karkarwa ta tafi, hayaƙi ya washe, fitilar ta mutu. Na yi ta yawo da ita a gari ina jin daɗi, har na gaya wa Yaya an gama. Amma kafin ranar asibiti ta zagayo, sai na fara jin warin kaɗan-kaɗan. Na ce wa kaina hancina ne. A hanyar Nguru, mun wuce Jajimaji da kaɗan, fitilar ta dawo. Inna ta ce in tsaya. Ta sauka a gefen titi ta yi amai, ina riƙe da buta, wasu mata masu tallan nono suna yi mata sannu.

"Auta, ka bar yayanka ya yi abin da ya gani," ta ce da ta koma ta kwanta. "Kada ku ɓata a kan ƙarfe."

Yaya bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai ya yi magana da mai hatsin, mutumin zai zo ya ga motar in ya shigo kasuwa.

Na ajiye tsohon sensan a aljihun jakata, ban san dalili ba. A ɗakin malamai, lokacin da ba ni da aji, na fito da shi ina juya shi. Abin da ya tsaya mini a rai daga aikina ne ya zo. Ina koya wa ɗalibai cewa irin wannan na'ura ba ta auna abu shi kaɗai, sai dai ta gwada abu biyu: wannan gefe da wancan gefe. Kan sensan yana cikin hayaƙi, to wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen dole iska mai kyau ce ta waje. Ta ina take shiga? Na duba jikinsa sama da ƙasa, ban ga huda ba. Na wanke shi, na sake dubawa. Babu.

Na shiga bincike a wayata. Ban yarda da wuri na farko da na karanta ba, sai da na ga maganar a wurare daban-daban, daga bakin mutanen da ba su san juna ba. Irin wannan sensa ta cikin wayoyinsa yake shaƙar iska. Kowace waya siraran zaruruwan ƙarfe ne a murɗe a cikin roba, tsakaninsu akwai 'yar hanya, ta nan iska take sulalewa har cikinsa. In aka cika wurin da dalma, an toshe masa hanci. Zai yi aiki da iskar da ta rage a cikinsa, in ta gurɓace sai ya fara gaya wa ƙwaƙwalwar motar cewa mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara zubawa.

Na ajiye sensan a kan tebur. Abin ya dace da duk abin da motar ta yi: ta warke, sannan a hankali ta koma. Amma fassararsa ita ce in je in gaya wa aminin mahaifina, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro, cewa aikin da garin nan yake yabonsa da shi ne ya shaƙe motar. Kuma in koma wurin Yaya in nemi gyara na biyu bayan an ce ɗaya.

Yaya na fara samu, da safe yana shan koko, na yi masa bayanin abin da na gano.

"Ba sabon gyara ba ne, Yaya. Wancan ɗin ne za a kwance a sake."

"Ka ce waya tana numfashi."

"Ba numfashi kamar na mutum ba. Iska dai tana bi."

"Ka tabbata?"

Na tsaya na auna abin da na sani da abin da ban sani ba. "Na tabbata dalmar ta toshe shi. Abin da ban sani ba shi ne ko gam ɗin ya riga ya lalata shi. In ya lalace, to shi ke nan, ba zan sake cewa komai ba."

Ya ajiye kokon. "To. Ranar asibitin Inna mai zuwa da ni za a je. Zan zauna a ciki, gilashi a rufe. Hancina ne alƙali."

Na isa rumfar Baffa da hantsi. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi aiki, na sake tambayar iyali. Mai facin, wanda yake zaune a kan tsohuwar taya yana cin gyaɗa, ya ce, "Malam, ka faɗi abin da ya kawo ka, iyalin nan sun gaji da amsawa."

Na faɗa. Na fara da cewa haɗin wayoyin daidai yake, babu wadda ta bi hanyar da ba tata ba. Na ce mai yiwuwa ni ne ban fahimta ba. Sannan na ce, a iya abin da na gano, wannan na'urar ba ta son dalma.

Baffa ya ajiye abin da ke hannunsa. "Tun ba a haife ka ba nake narka dalma. Babanka bai taɓa dawo mini da aiki ba."

"Haka ne, Baffa."

"Waya ba ta son dalma. Yau na ji sabo. To me take so, man shanu?"

Mai faci ya tuntsire da dariya. Amma na riga na shirya tambaya ɗaya tun a hanya.

"Baffa, don me kake barin dalmar ta shige can cikin roba? Ai da ta tsaya a kan haɗin kaɗai ma zai riƙe."

"Don ruwa mana. Kai ba ka sani ba, ruwa yana bin cikin waya. Ka naɗe waje yadda kake so, in bakinta ya taɓa ruwa sai ya bi ta ciki ya hau, kamar lagwani. Na sha yanka wayar injin ban ruwa in tarar da cikinta kore, alhali robarta lafiya lau. Dalma ce take tare masa hanya."

"To hanyar nan da ruwa yake bi, ita ce iska take bi. Wannan na'urar da ita take aiki."

Ya dubi motar, ya dube ni.

Na fito da tsohon sensan, na roƙe shi ya yanko mini guntun waya daga wutsiyarsa. Na tsoma bakinta ɗaya a cikin kwanon ruwan da mai faci yake neman hudar taya da shi, na sa ɗaya bakin a bakina na hura. Na hura har idanuna suka yi ja. Babu abin da ya fito.

"Malam zai suma mana a nan," in ji mai faci. "Kawo, da ƙirjin alli za ka hura waya?"

Ya jawo tiyon injin iskarsa, ya naɗe bakin wayar da tsumma ya cusa, ya danna. Muka sunkuya mu uku a kan kwanon. Da farko ba komai. Sai ga wasu ƙananan kumfa, sirara kamar ƙwayar gero, suna fitowa daga tsakiyar zaruruwan a jere, suna hawa sama.

Baffa ya karɓi wayar da kansa. Ya kunna ƙarfen dalmarsa, ya cika bakinta yadda ya saba, ya bari ta huce, ya miƙa wa mai faci. Aka sake dannawa. Ruwan ya tsaya cik.

"Ka ga aikinka, tsoho," in ji mai faci. "Ko iska ba ta wucewa. Da kai ne mai faci da na rufe shago."

Baffa bai kula shi ba. Ya daɗe yana murza guntun wayar a yatsunsa. "Ruwa na sani," ya ce a hankali. "Iska ban taɓa tambaya ba." Sannan ya ɗago. "Amma ba zan saki waya tsirara a ƙarƙashin mota a damina ba. Wannan kam sai dai ka kai ta wani wuri."

"Robarka na yarda da ita, Baffa. A naɗe waje. Cikin ne kawai za a bari."

Kafin mu kwance komai, ya ce bari ya ga abin da idonsa. Muka bar injin ya yi zafi, ya sa mitarsa a kan wayar saƙo. Lambar ta kwanta a ƙasa, da ƙyar take motsi. Na gaya masa mai lafiya hawa da sauka yake yi ba tsayawa. Ya gyaɗa kai, ya ce in kashe.

Ya warware robarsa da hannunsa, ya kankare gam ɗin da ya kusanci wutsiyar ƙarfen, ya yanke duk inda dalma ta shiga, yana lanƙwasa wayar yana jin inda ta daina tauri. Allah ya sa wayoyin sabon suna da tsawo, an sami abin da ya rage. A cikin ledar da sensan ya zo akwai wasu 'yan bututun ƙarfe guda huɗu da ake zura waya ta kowane gefe a matse. Ranar farko Baffa ya watsa su cikin gwangwanin notuna, ya ce na malalata ne. Yanzu ya zazzage gwangwanin a kan buhu, muka tsince su.

Ya miƙo mini filaya. "Kai ka kawo maganar, kai za ka matse."

Na zura, na matse, na ja da ƙarfi in ga ko za ta zame. Ba ta zame ba. Na yi ta biyu. Kafin kowace ɗaya sai na faɗi launukan a bayyane, shuɗiya da baƙa, fara da ruwan toka, Baffa yana cewa "Haka ne." Mai faci ya ce kamar ana ɗaurin aure.

Sauran aikin na Baffa ne. Ya sa haɗin guda huɗu ba a jere ba, kowane ya ɗan gota ɗan'uwansa, don kada su gogi juna. Ya naɗe kowane daban, ya haɗa su ya naɗe da robarsa, ba gam. Bai mayar da wayar ta inda take a da ba. Ya ɗaga ta sama, ya bi da ita ta jikin bangon da ke bayan inji, nesa da zafin salansa, ya ɗaure ta a inda ruwa ba zai kai ba sai in ya shigo har kujera. Ya cire kan batir ya jira, don ƙwaƙwalwar motar ta manta ƙaryar da aka yi ta gaya mata, sannan ya mayar.

Na kunna. Muka jira inji ya yi zafi. Lambar mitar ta kwanta a ƙasa kamar ɗazu. Baffa ya ce in taka mai in riƙe. Na riƙe. Can sai ta ɗaga, ta faɗi, ta sake ɗagawa, ta shiga hawa da sauka.

"Ga ta tana rawa," in ji Baffa.

Na ce masa ranar farko ma motar ta yi lafiya, don haka ba yau za a sani ba. Ya ce wannan gaskiya ne. Kullum na tashi daga makaranta sai in fita da ita bayan gari in dawo, in tsaya in zagaya baya in shinshina. Maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. Lokacin da ta ɗauka kafin ta lalace a karon farko ya zo ya wuce, fitilar ba ta dawo ba.

Ranar asibiti aka wayi gari da ruwan sama. Muka kwantar da Inna a baya, Yaya ya shiga gaba, ya ɗaga gilasai duka, ya naɗe hannu a ƙirji. Muka fita daga Gashua. Gonakin gero sun yi kore shar, shanu suna tsaye a cikin ruwa a gefen hanya. Lokaci-lokaci sai Yaya ya juya baya ya ja iska da hanci, sannan ya leƙa allurar mai.

Bayan Jajimaji akwai inda ruwa ya kwanta a kan titi, motoci suna ratsawa ɗaya bayan ɗaya. Na sa giya ta ɗaya na shiga a hankali, ina jin ruwan yana dukan ƙasan motar. Muka fita. Injin bai ko yi tari ba. Muka wuce wurin da Inna ta sauka wancan karon, na dube ta ta madubi. Barci take yi, bakinta a ɗan buɗe.

A ƙofar asibiti sai da na taɓa ƙafarta ta farka.

"Har mun zo?" ta ce.

Na raka ta ciki, na zaunar da ita a layin ganin likita, na fito. Na tarar da Yaya a tsugune a bayan motar. Ya ce in kunna in taka mai. Ya ciro farin hankicinsa ya tara a bakin salansa, ya riƙe, ya ɗaga ya duba a hasken rana, ya shinshina. Ya ninke shi ya mayar aljihu. Ya zagaya motar a hankali yana dubanta yadda yake duban saniya a kasuwa, har ya tsaya a gaba, ya sa ƙafa ya taki taya.

"Tayoyin gaban nan sun suɗe, Malam. Da waɗannan kake ɗaukar Inna a cikin ruwa?"

"Ina da niyyar in yi maka magana."

"In mun koma ka kai ta wurin mai facin nan ya duba lambarsu. Zan sa a taho da wasu daga Kano."